Hannun Mai Tsintar Wake

Shekarata goma sha huɗu ina koyar da fiziks a sakandare, kuma sau ɗaya tak na ji daɗin ganin babba ya sha kunya a gaban yara. Har yau ban tuba daga wannan daɗin ba. Ku ji yadda aka yi, sannan ku yanke mini hukunci.

Wasu malaman jami'a ne suka kawo wa makarantarmu wani shiri na Asabar goma sha biyu. Za a ɗanɗana wa 'yan aji biyar kimiyyar kwantam, wato halin haske da ƙwayoyin zarra, da kuma ƙirƙirarriyar basira, wato yadda ake koya wa na'ura ta gane abu da kanta. Ɗalibai ashirin za a ɗauka ta hanyar jarrabawa, kowa a ba shi kwamfutar hannu. Wanda aikinsa na ƙarshe ya fi na kowa za a kai shi makarantar kwana ta kimiyya da ke cikin jami'ar, ya ƙarasa sakandare a can, ci da sha da littattafai duk a kansu. Gurbin ɗaya ne. Ni aka ɗora wa ajin, wata Farfesa kuma tana leƙo mu lokaci-lokaci.

Wadda ta zo ta ɗaya a jarrabawar wata siririyar yarinya ce da 'yan ajinsu ke kira Don-me, saboda ba ka gama bayani ba ta ɗaga hannu ta ce, "Amma don me?" A tafin hannun nan da take ɗagawa akwai tsohon tabon ƙuna, faɗinsa kamar murfin kwalba. Marainiya ce, a gidan baffanta take, kuma baffan nan shi ne ciyaman na ƙungiyar iyaye da malamai. Yana da ɗa a ajin, wanda uwarsa ta laƙaba wa Injiniya tun yana ɗan shekara shida, ranar da ya kwance rediyon gidan. Har yau rediyon bai koma yadda yake ba. Injiniya na arba'in da bakwai ya zo.

Ba a shiga shirin sai waliyyi ya sa hannu a takarda. Ciyaman ya zo ofishin shugaban makaranta da takardar Don-me a ninke a aljihu, babu sa hannu.

"Ni fa ba na raba kan 'ya'ya," ya ce. "Gida ɗaya, tukunya ɗaya. Ta yaya ƙanwa za ta shiga, wanta yana zaune? Ko su shiga tare, ko su zauna tare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutocin ashirin ne cif."

"Sai su haɗa ɗaya. Abin ƙanwa ai na wa ne."

Shugaban makaranta ya dube ni, ya dubi rufin ɗakin gwaje-gwaje da ƙungiyar iyaye ta yi alkawarin gyarawa, ya ce ai ashirin da ɗaya ma adadi ne mai kyau. Na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina na farko.

Asabar ta farko muka rufe tagogi, Farfesa ta fito da 'yar fitilar leza mai jan haske, ta ce wa zai ba da gashi guda. Don-me ta zura hannu ƙarƙashin ɗankwali ta tsinko. Aka miƙe gashin a gaban hasken, sai ga bango ya cika da ɗigo-ɗigo ja a jere, haske, duhu, haske, duhu. Yara suka sa ihu. Farfesa ta ce haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, ya rabu biyu a jikin gashin, ya sake haɗuwa. Ta kuma ce hasken nan dai ƙwayoyi ne ƙanana.

Hannu mai tabo ya tashi. "Amma Farfesa, in aka riƙa sakin ƙwayar ɗaya bayan ɗaya, da wa za ta haɗu? Jeren zai ɓace ke nan?"

Farfesa ta ajiye fitilar a kan tebur. "Ba ya ɓacewa. Tambayar da kika yi ita ce ƙofar wannan ilimin gaba ɗaya, manya sun yi shekaru suna cacar baki a kanta. Yaya sunanki?"

Ajin ya amsa baki ɗaya, "Don-me!" Injiniya yana can baya yana neman wasan ƙwallo a kwamfutar.

Asabar ta biyu Don-me ta zo hannu rabbana, kwamfutar tana jakar Injiniya. Ta uku ta shigo saura rabin awa a tashi, tana haki, da farin gari a gefen hijabinta. Ta huɗu ba ta zo ba. Ta biyar ma haka. Dokar shirin kuwa a rubuce take: wanda ya yi fashi uku an soke shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne aikin gida na Injiniya. Yaron da bai san bambancin mita da lita ba ya fara kawo mini amsoshi tsaf, kuma a ƙasan kowane shafi akwai layi ɗaya da ya fara da "Amma don me". Ko sharewa bai iya yi ba. Ina ba shi goma bisa goma ina cizon yatsa, don aikin ya cancanta, mai aikin ce ba ta nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar Lahadi da hantsi na je gidan. Matar Ciyaman sarin wake take yi, a tsince shi tas, a ƙulla a leda a kai wa shaguna, kuma takamarta ke nan, wai ba a taɓa samun ƙwaro ɗaya a ledarta ba. Ta karɓe ni a falo mai labule biyu da fanka tana juyawa, Injiniya yana kwance a doguwar kujera, ƙafa a kan matashi. Ta ƙofar baya ina hango wani lungu tsakanin kicin da bango, an jera buhu shida. Don-me tana zaune a kan bokitin fenti da aka kifa, faranti a cinya, kanta a sunkuye. Warin maganin ƙwarin da ake barbaɗa wa wake yana isowa har falon.

Na ce, "Hajiya, fashi ɗaya ya rage mata."

"Ayya, Malama, ai ba a son ranmu ba. Ni baya ya hana ni sunkuyo, likita ma ya ce in kiyaye. Kuma Asabar ce ranar ƙulli."

"Shi fa?" Na nuna kujera.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Injiniya da tsintar wake? Ai sai ya haɗa mini da tsakuwa. Kuma shi karatu ya sha masa kai. Ita in ya dawo yana koya mata, ba abin da ya wuce ta."

Ciyaman ya fito yana gyara hula. "Malama, ke baƙuwa ce a wannan magana. Tun tana shekara biyar muke riƙe da ita. Wa ya ci da ita, wa ya tufatar da ita? Ɗan aikin da za ta taya uwarta shi ne ya zama abin kawo ƙara? Kuma in yaron nan ya samu, ai ita ya samar wa. Namiji shi ke ɗaukar gida."

"Ita ta ci jarrabawar, ranka ya daɗe."

"Gidan nan ne ya ci."

Da zan fita na bi ta lungun. Don-me ta miƙe ta gaishe ni. Idanunta sun yi ja, tana tari ƙasa-ƙasa, fatar yatsunta ta tsattsage saboda garin maganin. Na ce ta yi haƙuri. Ta dube ni, ni kuwa na ji kunyar kalmar tun kafin ta gama fita daga bakina.

Asabar ta shida kujerarta ba kowa. Na ɓoye rajistar mako guda, sai Ciyaman da kansa ya tuna wa shugaban makaranta cewa doka doka ce, kada a ce ana nuna son kai don 'yarsa ce. Ku ji fa. Da hannuna na ja layi a kan sunanta, kuma biron da na yi amfani da shi na jefa shi a kwandon shara.

Daga nan abin ya ƙara lalacewa. Shagunan da ke karɓar wake suka ƙaru, Juma'a ma ta shiga cikin ranakun ƙulli. Ranakun da take zuwa makaranta gyangyaɗi take yi a aji. Hannun nan ya daina tashi. 'Yan ajin suka fara tsokanarta wai Don-me ta koma Ba-komai, don duk abin da ka tambaye ta amsar ke nan. Na san tana bin darussan Asabar, don ita ke yi wa Injiniya aikinsa a kwamfutar da sunanta ke manne a bayanta, amma ko kallon inda nake ba ta yi.

A Asabar ta takwas Farfesa ta yi darasin da ya juya komai. Ta ce na'ura ba ta koyon abin da ka gaya mata, sai abin da ka nuna mata. Ta ba da misalin ɗalibinta da ya so koya wa na'ura bambance ganye mai cuta da lafiyayye, amma duk masu cutar a kan jan tire ya ɗauki hotonsu. Na'urar ta haddace tiren ta bar ganyen. Daga nan aka ba da aikin ƙarshe: kowa ya zaɓi abu a rayuwarsa, ya ɗauki ɗaruruwan hotuna, ya koya wa kwamfutarsa rarrabe shi.

Ranar Litinin ina wanke kwalaben gwaji sai na ji muryar Don-me a bayana.

"Malama, in duk hotunan a tafin hannu ɗaya aka ɗauka, na'urar za ta san hannun?"

"Za ta iya saninsa."

"In aka kawo mata wani hannun fa, a gaban mutane? Ba za ta yi kara ba?"

"Na'ura ba ta san kara ba."

Ta yi wani ɗan murmushi wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, ta yi godiya ta fita. Na tsaya da kwalba a hannu. Na hango inda ta dosa, ko da ban ga hanyar duka ba, kuma a matsayina na malama ya kamata in kira ta in yi mata nasiha a kan yafiya. Ban kira ta ba, na ci gaba da wankina.

Ranar ƙarshe babban ɗakin taro ya cika da iyaye. An kafa tebur a gaba, da kyamara a sama tana kallon tebur, duk abin da ta gani yana fitowa a farin allo ta majigi. Ciyaman ne ya buɗe taro, ya yi minti ashirin yana bayanin cewa 'ya'ya amana ne, shi a gidansa ba a raba kan 'ya'ya. Matarsa tana layin gaba da sabon leshi. Sun zo da Don-me, don wani ne zai ɗauko bokitin wake da kular lemon da za a raba in an ci. Tana can baya, tsaye kusa da ƙofa.

Wata yarinya ta nuna na'ura mai gane ƙusar da ta lanƙwashe a cikin ƙusoshi, wani ya nuna mai bambance kukan injin babur lafiyayye da mai matsala. Sai aka kira Injiniya. Ya haddace jawabinsa tsaf, ban rage masa ba. Na'urarsa tana duban wake a tafin hannu ta faɗa ko mai kyau ne ko ƙwaro ya huda shi. A gida sun gwada ya fi sau ashirin, kullum shi ke tsaye yana bayani, Don-me ke riƙe waken. Don haka da ya gama jawabi sai ya yafito ta da yatsa.

Farfesa ta ce, "Wace ce wannan?"

Uwar ta amsa daga kujera, "Ƙanwarsa ce, waken kawai za ta riƙe masa."

"Tana cikin rajista?"

Aka juyo gare ni. Na miƙe na ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "An soke ta. Ciyaman ya ce doka doka ce."

"To ba mai zuwa teburin nan sai ɗan rajista. Yaro, riƙe wakenka."

Injiniya ya ɗebi wake a tafinsa mai laushi ya miƙa ƙarƙashin kyamara. Allon ya ɗan yi jim. Sai rubutu ya fito da manyan baƙaƙe, kowane harafi ya kai tsawon hannu:

WANNAN HANNUN BAI TAƁA AIKIN NAN BA.

Wani yaro a baya ya tuntsire. Injiniya ya sauya hannu. Rubutun ya ɓace, ya dawo. Ya goge tafinsa a wando ya sake miƙawa, ya sake dawowa. Uwar ta taso tana jan mayafi.

"Na'urar ce ta lalace! Kawo nan, ni da nake sana'ar."

Ta ɗebi wake, zobba uku suna walƙiya a allo. Na'urar ba ta yi mata kara ba. Wannan karon iyaye ma sun kasa riƙe dariyar, wata mata a layi na uku har da share hawaye. Ni ban yi dariya ba. Wani sanyi na ji yana sauka a ƙirjina, irin na wanda ya daɗe da ƙishirwa.

Farfesa ta jawo kwamfutar ta buɗe hotunan da aka koyar da na'urar, suka bazu a allo. Kashi uku ne. Na farko wake mai kyau, hoto ɗari huɗu. Na biyu wake mai huji, ɗari huɗu. Duka ɗari takwas ɗin a tafi ɗaya suke, mai tsagaggun yatsu da tabon ƙuna, kuma kowane hoto da ranarsa da lokacinsa a ƙasa: Asabar ƙarfe goma, Asabar sha ɗaya da rabi, Juma'a ƙarfe tara. Tun da aka ba da aikin, a gida Injiniya yake bar mata kwamfutar, har ranar Asabar. Kashi na uku an sa masa suna "Hannayen gidanmu". Ga hannun Injiniya da wake a ciki, gefen rimot ɗin talabijin yana leƙowa. Ga mai zobba. Ga wani mai agogon zinare. Ashe ce musu ta yi na'urar tana so ta san mutanen gidan, suka miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya, suna jin daɗi.

"Wa ke da wannan tabon?" in ji Farfesa.

Can kusa da ƙofa hannu ya tashi, karo na farko cikin wata biyu.

Don-me ta tako har gaba da silifas ɗinta, ta ɗebi wake. MAI KYAU. Ta sake ɗiba. AKWAI ƘWARO. Farfesa ta tona da biro, ga shi kuwa, huji ɗaya ƙarami. Sau goma aka gwada, sau tara ta faɗi daidai, kuma Don-me ta bayyana dalilin kuskuren na goman: inuwar yatsanta ce ta faɗa a kan waken. Farfesa ta yi mata tambayoyi a kan darasin haske, ta amsa, har ta ƙara da tata tambayar. Malaman jami'ar da ke alƙalanci suka haɗa kai minti biyu.

"An ce ta yi fashi," Farfesa ta ce wa ɗakin. "Ni ga rajistarta nan a allo, ban ga Asabar ɗin da ta huta ba. Gurbin nata ne. Saura sa hannun waliyyi."

Ta shimfiɗa takardar a kan tebur. Ciyaman ya miƙe yana gyaran murya, ya ce wannan magana ce ta cikin gida, za su je su yi shawara.

"Takardar ba ta barin teburin nan, ranka ya daɗe," in ji Farfesa.

Matar nan ta layi na uku ta ɗaga murya. "Ciyaman, kai fa ka ce ba ka raba kan 'ya'ya!" Wani ya ce, "Amana ce!" Ɗakin ya ɗauka. Mutanen da suka zaɓe shi ne, kuma saura wata ɗaya a sake zaɓe. Ya tako kamar mai tafiya a kan ƙaya, ya karɓi biro, ya sunkuya. Ba wanda ya tuna da kashe kyamarar. Hannu mai agogon zinare yana shiga ƙarƙashinta, allon da ke saman kansa ya sake rubuta abin da ya sani, kuma rubutun yana nan tsaye har ya gama sa hannu.

Da la'asar na tarar da Don-me a ƙofar gidana, zaune a kan buhun wake da aka cusa kayanta a ciki. Matar baffan ta aiko da saƙo wai tunda ta zaɓi tona asirin gida, ta je duniya ta riƙe ta. Mako uku ta yi a wurina kafin a buɗe makarantar. Tarin ya tafi a mako na biyu, yatsun suka fara haɗewa.

Har yau akwai masu cewa yarinyar ta yi rashin kunya, ko me aka yi mata bai kamata ta kunyata wanda ya riƙe ta ba. Ina jin su. Shekara goma sha ɗaya tana sunkuye a lungun nan, maƙwabta suna wucewa, dangi suna zuwa suna cin abinci a falon, malamarta ta zo ta ce mata ta yi haƙuri. Ba wanda ya ga rashin kunya a nan. Sai ranar da aka haska abin a bango, sannan kowa ya tuna da tarbiyya. Masu ɗaukar ɗan ɗan'uwa su mai da shi bawa suna kiran abin riƙo, sun dogara ne da abu ɗaya: yaron zai yi kara, mu ma za mu yi.

Ranar da zan raka ta mota na tambaye ta abin da ke cina. Na ce da ta sa na'urar ta yi shiru kawai in ta ga baƙon hannu, ai da ya isa a gane. Don me sai da ta rubuta wannan jimlar?

Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Malama, na gaya wa Baffa da baki, na gaya wa Umma, ke ma kin zo kin gani da idonki. Farfesa ta ce na'ura ba ta koyon abin da aka gaya mata sai an nuna mata. Na ga mutane ma haka suke."

Ni ma ina cikin mutanen. Motar ta tashi, ta ɗaga mini hannun ta taga.

A makon jiya na shiga shago na sayi ledar waken matar Ciyaman, da gangan. Na zazzage a faranti na ƙirga ƙwaro bakwai.